Wace Takarda Jamus Ke Nema Kafin Ta Karɓi Mai Koyon Sana'a?

Ɗan yayata ya shekara shida a garejin gyaran mota. Idan inji ya yi tari, kafin direba ya gama bayani ya riga ya san inda ciwon yake. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biyo ni gida, faratansa duk da wankin sabulu ba su rabu da baƙin mai ba, ya miƙo min waya. Wani matashi ne a bidiyo, tsaye cikin rigar sanyi a bakin tashar jirgin ƙasa, yana cewa Jamus na neman masu koyon sana'a ruwa a jallo, kuma ba ruwansu da takardar makaranta. "Kawu, wai da gaske ne ko sakandare ba ka gama ba za su ɗauke ka?" Shi a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. A cikin makon kuma wata 'yar maƙwabtanmu, wadda ta fita da kiredit bakwai a WAEC, ta zo da nata labarin: wani dillali ya ce mata takardarta ba ta isa ba, sai ta yi difloma tukuna, ko kuma ta kawo kuɗi ya san yadda zai yi.

Dukansu biyu an gaya musu rabin magana ne. Abin da ya sa labarin ke zuwa a karkace shi ne, ba mutum ɗaya ke duba takardar ba. Kamfanin da zai ɗauke ka yana da abin da yake kallo, dokar wasu sana'o'in tana da nata sharaɗin, jami'in biza kuma wata tambaya yake yi daban. Wanda ya ji amsar ɗaya daga cikinsu ya ɗauka ita ce ta kowa, shi ne yake dawowa da jakar takardu da ɓacin rai.

Bari mu fara da abin da ake zuwa yi ɗin. Jamusawa suna kiransa Ausbildung, kuma ya fi kama da zaman yaro a wurin ubangida fiye da zaman ɗalibi a kwaleji. Bambancinsa da namu shi ne an rubuta komai. Akwai sana'o'i sama da 320 da gwamnati ta amince da su, kowace da manhajarta da tsawon lokacinta, daga shekara biyu zuwa uku da rabi. Mai koyo yana yin kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, sauran kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, wani lokacin kuma a haɗa kwanakin makarantar a yi su makonni a jere. Yana sa hannu a yarjejeniya da kamfani, kuma kamfanin ne ke biyansa duk wata, ba shi ke biya ba. Dokar da ke tafiyar da wannan tsari tun 1969 take, an kuma yi mata gyara a 2020 aka sa mafi ƙarancin abin da za a biya ɗan shekarar farko: Yuro 515 a wata a wancan lokaci, ya kai 649 a 2024, sannan 682 a 2025. Kamfanoni da yawa suna biyan fiye da haka nesa ba kusa ba. Ranar yaye kuwa ba ubangida ke yanke hukunci ba. Majalisar masu sana'ar hannu ko ta 'yan kasuwa da masana'antu ce ke shirya jarrabawa, ita ke ba da shaida. A 2023 an ƙulla sababbin yarjejeniyoyi kusan 489,000, amma gurabe sama da 73,000 suka zauna babu wanda ya cike su. Waɗannan guraben ne suka sa aka fara waiwayen matasan ƙasashen waje.

To, mai bidiyon nan bai yi ƙarya ba a wuri ɗaya. Dokar ba ta ambaci wata takardar makaranta da dole sai mutum ya mallaka kafin ya shiga wannan tsari ba. Idan mai gidan burodi a wani ƙauyen Bavaria ya ga dama ya ɗauki yaron da bai gama makaranta ba, babu hukumar da za ta hana shi. Sai dai abin da doka ta ƙyale daban, abin da ake yi a kasuwa daban. Cikin waɗanda ke fara koyon sana'a kowace shekara, waɗanda ba su da kowace takarda ba su kai biyar cikin ɗari ba, su ma galibi 'yan ƙasa ne da mai kamfani ya gan su ido da ido, ya gwada hannunsu na 'yan makonni. Wanda ke rubuto wasiƙa daga Kano ko Maraɗi, takardunsa ne kaɗai fuskarsa.

Takardun kammala makaranta a Jamus hawa uku ne. Akwai ta shekara tara, wadda ita ce ta ƙasa. Akwai ta tsakiya, ta shekara goma, kuma masu ita su suka fi yawa a cikin masu koyon sana'a. Sai ta sama, Abitur, bayan shekara goma sha biyu ko sha uku, wadda ke kai mutum jami'a. Idan ka karanta tallan gurbi za ka ga kamfani ya rubuta hawan da yake so. Masu gasa burodi, mahauta, masu rufin gida, magina, masu fenti da masu dafa abinci sukan karɓi ta shekara tara. Aikin wutar lantarki, sarrafa injinan masana'anta da aikin ofis sun fi neman ta tsakiya. Banki, inshora da aikin kwamfuta kuwa, da yawan waɗanda ake ɗauka masu Abitur ne, duk da cewa doka ba ta ce sai su ba. Gyaran mota, wanda ɗan yayata ke hange, shekara uku da rabi ne, kuma rabin karatunsa lantarki ne da na'urar gano matsala da lissafi, shi ya sa garejin Jamus ya fi sakin jiki da mai takardar tsakiya.

Ina namu takardun suke faɗawa a wannan tsani? Abu na farko da ake ƙirgawa shi ne shekarun zama a aji. A Najeriya wanda ya gama ƙaramar sakandare ya yi shekara tara, wanda ya zana WAEC ko NECO bayan babbar sakandare ya yi sha biyu. A Nijar mai BEPC ya yi shekara goma, mai bakaloriya ya yi sha uku. Amma ba shekaru kaɗai ake dubawa ba, ana duba darussan da mutum ya ci da makin da ya samu, musamman harshe da lissafi da kimiyya. Jamus jihohi goma sha shida ce, kuma ilimi a hannun jihohi yake, don haka kowace jiha tana da ofishinta na tantance takardun makarantun ƙasashen waje. Su ke cewa takardarka daidai take da ta shekara tara, ko ta tsakiya, ko ta sama. Akwai kuma rumbun bayanai a intanet mai suna anabin, wanda ofishin ministocin ilimi na jihohin ke kula da shi, inda aka jera takardun ƙasashe da yadda ake kallonsu. Yawanci ofishin jiha ba ya karɓar buƙatarka sai ka nuna kana zaune a jihar, ko kana da gurbin da ke jiranka a can.

Abin da nake so matasanmu su riƙe a nan shi ne, sakamakon WAEC mai kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi, wanda muke rainawa saboda bai kai mutum jami'a ba a shekarar farko ko ta biyu, takardar shekara goma sha biyu ce. Ga mafi yawan sana'o'in da ake koya a kamfani ta wadatar. Ba a neman difloma, ba a neman digiri. A wannan tsarin ma ba dole ba ne a kai takardar ofishin tantancewa. Kamfani da yawa fassararta kawai suke so su gani, daga hannun mai fassarar da kotu ta rantsar. Wanda takardarsa ta yi ƙarfi yana iya neman a rage masa lokacin koyo, har wata shida ga mai ta tsakiya, har shekara guda ga mai ta sama, amma ni ban shawarci baƙon da ke fama da sabon harshe ya yi gaggawar neman ragin ba.

Inda magana ke sauyawa gaba ɗaya shi ne aikin lafiya, kuma nan 'yar maƙwabtanmu ta dosa, don jinya take so. Aikin nas yana da dokarsa ta daban da ta fara aiki a 2020, wadda ta haɗe jinyar manya da ta yara da ta tsofaffi a karatu ɗaya na shekara uku: awa 2,100 a aji, awa 2,500 a gefen gadon majinyaci. A nan dokar ta faɗa ƙarara cewa sai da takardar tsakiya ko wani karatun shekara goma da aka kammala. Mai ta shekara tara ba zai shiga ba sai ya riga ya gama wata sana'ar ta aƙalla shekara biyu, ko ya yi kwas na mataimakin nas na aƙalla shekara guda. Saboda sharaɗin na doka ne, makarantar jinya ba ta da ikon kau da kai. Dole takardarki ta bi ta ofishin tantancewa na jihar, kuma wannan yakan ci watanni. Ana kuma neman shaidar lafiya da shaidar cewa mutum ba shi da tabon laifi. Haka abin yake a sauran sana'o'in da ake koya a makaranta zalla, irin su gashin ƙashi, aikin ɗakin gwaje-gwaje da renon yara: takardar tsakiya ce ƙofar shiga.

Akwai wani abu game da jinya da dillalai ba sa faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya. A 2023 ƙasashe 55 ne, kuma Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan duk suna ciki. Dokar Jamus ta hana kamfanoni masu zaman kansu farautar mutane ko yi musu dillanci daga waɗannan ƙasashe don aikin lafiya da jinya. Hukumar samar da aiki ta tarayyar Jamus ce kaɗai ke da wannan hurumin. Mutum yana iya neman gurbi da kansa, ya rubuta wa asibiti ko gidan kula da tsofaffi kai tsaye, babu laifi. Amma wanda ya zo maka da sunan shi wakilin asibitin Jamus ne, kawo miliyan kaza a kai ka jinya, tun daga tushe cinikin nasa ba ya kan doka.

Sai jami'in biza. 'Yan Najeriya a ƙaramin ofishin jakadancin Jamus da ke Legas ake duba irin wannan buƙatar. Shi ba ya fara tambayar kiredit nawa ka ci. Yana son ganin yarjejeniyar da kamfani ya sa wa hannu, da amincewar hukumar samar da aiki ta tarayya, da shaidar harshe, da tabbacin cewa abin da za a biya ka zai riƙe ka. Idan albashin koyon bai kai adadin da suka ƙayyade ba, sai ka cike giɓin da kuɗin da aka kulle a asusun banki, ko wani mazaunin Jamus ya tsaya maka a rubuce. Tun watan Maris na 2024 an sassauta wasu abubuwa: an daina binciken ko akwai ɗan ƙasa da ya fi ka cancantar gurbin, an kuma ba mai koyo damar yin wani aikin gefe har awa 20 a mako maimakon 10. Amma jami'in yana auna ko labarin naka ya tsaya da ƙafarsa. A nan ne takardar makaranta ke dawowa ta bayan gida. Idan babu ita, zai tambayi kansa ko wannan yaron zai iya zama a ajin da ake koyar da lissafi da Jamusanci. Idan kuma ta yi yawa, a ce mai digiri a fannin tattalin arziki ɗan shekara 33 ya ce burodi yake son koyo, zai so ya ji dalili mai gamsarwa. Doka ba ta sa iyakar shekaru ga wanda ke da gurbi a hannu ba, sai dai gwargwadon shekarunka gwargwadon bayanin da za ka yi.

Akwai wata bizar ta daban ga wanda bai samu gurbi ba tukuna, yake son ya je ya nema a can. Ita tana ba da har wata tara, ga wanda bai cika shekara 35 ba, mai Jamusanci matakin B1 (hawa na uku cikin hawa shida da ake auna harshe da su), mai kuɗin riƙe kansa. A wannan kam doka ta sa sharaɗin makaranta: sai takardar da ke buɗe wa mutum ƙofar jami'a, ko a Jamus ko a ƙasar da ya yi karatun. Wanda ya tsaya a ƙaramar sakandare ba shi da rabo a wannan hanyar.

Duk wannan bayanin, idan aka ce in zaɓi takarda ɗaya da ta fi kowace nauyi, ba WAEC zan ɗauka ba, takardar harshe zan ɗauka. Ana auna harshe hawa shida, daga A1 zuwa C2. Biza tana neman B1 a mafi yawan lokuta, sai fa idan wurin koyon ya gwada ka da kansa ko an tsara maka kwas na harshe kafin ka fara. Makarantun jinya galibi B2 suke nema. Cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci, wadda ke da rassa a Legas da Akara da Yawunde, ta ƙiyasta cewa kaiwa B1 na cin darasi 350 zuwa 650 na minti 45 kowanne, B2 kuma 600 zuwa 800. Jarrabawar B1 kashi huɗu ce, karatu da sauraro da rubutu da magana, kowanne sai ka ci 60 cikin 100, amma idan ka faɗi ɗaya shi kaɗai za ka sake. Ana kuma karɓar shaidar wasu masu shirya jarrabawar Jamusanci biyu, telc da ÖSD. Ga ɗan Arewa wannan na nufin kuɗin mota zuwa inda ake jarrabawar, da masauki, da kuɗin jarrabawa, wataƙila fiye da sau ɗaya.

Kuma B1 ɗin ƙofa ce kawai, ba ɗaki ba ce. Ka ɗauki yaron da ya iso a watan Agusta ko Satumba, lokacin da shekarar koyo ke farawa. A wurin aiki yana iya kallon hannun ubangida ya kwaikwaya, wannan mun iya. Ranar makaranta kuwa zai zauna da 'yan shekara goma sha shida da aka haifa cikin harshen, malami yana bayanin dokar kwadago da lissafin ƙarfin lantarki da sauri, wani lokacin da karin harshen yankinsu wanda ba ya cikin littafin Goethe. Watannin gwaji daga ɗaya zuwa huɗu ne, kuma a cikinsu kamfani na iya sallamar mutum ba tare da ya faɗi dalili ba. Idan gurbin ya kuɓuce ba da laifinsa ba, ana ba shi har wata shida ya nemi wani. Jarrabawar ƙarshe da Jamusanci ake rubuta ta. Yaran da suka taso da haddar allo suna da kunne da juriyar maimaitawa da koyon harshe ke buƙata, na ga haka da idona, amma sai an zauna an yi shekara guda ana yi kullum, ba wata uku na gaggawa ba.

Sannan akwai abin da ya fi ba ni takaici, domin ba rashin ilimi ba ne, sakaci ne namu na gida. Da muka baje takardun 'yar maƙwabtan nan a kan tabarma, sai ga sunanta iri uku. A takardar firamare A'ishatu Muhammad, a WAEC Aisha Mohammed da sunan garinsu a ƙarshe, a fasfo kuma an sa sunan kakanta. Ranar haihuwa a wata takardar 1 ga Janairu, irin wadda malamin makaranta ke rubuta wa duk yaron da bai zo da takardar asibiti ba, a wata kuma watan Yuni na shekarar da ta biyo baya. Mu a nan mun san mutum ɗaya ce. Ma'aikacin ofis a Stuttgart mutum uku yake gani. Takardar rantsuwa ta kotu da muke ɗauka tana warware komai ba ta da wannan ƙarfin a wurinsu, kuma takardun haihuwa daga Najeriya sukan sa a bincika su tun daga inda aka bayar, a kan kuɗin mai nema. Gyaran suna a WAEC ko a hukumar katin ɗan ƙasa yana cin lokaci, don haka kafin a biya kuɗin darasin Jamusanci na farko ya kamata a fara da wannan. Wanda kuma ya bari dillali ya ƙirƙiro masa sakamako, ya sani WAEC da NECO duka ana duba sakamakonsu ta intanet cikin minti kaɗan, kuma takardar bogi ɗaya na iya rufe masa ƙofar har ta gaba.

Na koma kan ɗan yayata, don nasa ya fi wuya. Shekara shida na aiki, amma babu layi ɗaya a rubuce da ke shaida haka. Ubangidansa mutumin kirki ne, ya koya masa duk abin da ya sani, sai dai a tsarinmu yaye addu'a ce da 'yan kayan aiki da fatan alheri. Wannan gibin namu ne, ba na Jamus ba. Hanyoyin cike shi suna nan, mutane ne ba su san su ba. Akwai gwajin sana'a na ma'aikatar kwadago ta tarayyar Najeriya, wanda ake ba da shaidarsa hawa-hawa. Akwai NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992, wadda ke da zango na masu zana jarrabawa daga waje. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin auna ƙwarewar waɗanda suka koyi aiki a gareji da shago ta ba su takarda. Waɗannan ba za su maye gurbin takardar sakandare a wurin da doka ta nemi ta sakandare ba, amma a idon mai gareji a Jamus da ke karanta wasiƙu ashirin, yaron da ya haɗa shaidar gwajin sana'a da wasiƙar ubangida mai kwanan wata da hotunan aikinsa ya bambanta da wanda ya ce kawai yana sha'awar mota.

Na gaya masa gaskiya cewa da takardar aji uku kaɗai, ko da ofishin wata jiha ya daidaita ta da ta shekara tara, samun garejin da zai ɗauko shi daga nan abu ne mai wuya ƙwarai. Shekararsa ashirin da biyu, lokaci bai ƙure masa ba. Ya yi shiru yana juya wayar a hannunsa, sannan ya tambaye ni ko wanda ya bar aji shekara shida zai iya cin lissafin WAEC. Na ce masa wanda ke auna tazarar fulogi da ƙididdige rabon giya a ka ba lissafi ne ya gagare shi ba, aji ne bai samu ba. Yanzu yana zuwa darasin yamma bayan an rufe gareji, kwana huɗu a mako, da niyyar zana jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara. Littafin Jamusanci na matakin A1 yana cikin akwatin sifanoninsa, a naɗe cikin leda don kada mai ya taɓa shi.